Wane layi za a bari idan suna ya maimaitu a rumbun bayanai?

Gab da daminar bara, wata ƙungiyar manoman dankalin turawa da ke da ofis a nan Jos ta ba ni aikin gyara jerin sunayen mambobinta kafin rabon taki, domin an lura cewa wasu manoman Bokkos da Mangu sun fito sau biyu ko uku a cikin teburin. An yi musu rajista ne a lokuta daban-daban, kuma kowane ma'aikaci ya shigar da abin da aka faɗa masa ba tare da ya duba na baya ba.

Mai koyon SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, yakan fara ne da sa DISTINCT, mai cire layukan da suka maimaitu, bayan SELECT, umarnin zaɓo bayanai, sai dai wannan umarni yana kwatanta dukkan ginshiƙan da aka zaɓo ne a haɗe. Idan layuka biyu sun yi daidai a suna da lambar waya amma ranar rajista ta bambanta, to a wurinsa mutum biyu ne. GROUP BY, mai tara layuka rukuni-rukuni, ya fi kusa da biyan buƙata, amma idan aka ɗauki MAX, wato mafi girman ƙima, na rana da MAX na girman gona, ana iya samun rana daga wannan layi, gona daga wancan, a haɗa bayanin da babu manomin da ya taɓa bayarwa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ROW_NUMBER(), wanda ke ba layukan kowane rukuni lamba bi da bi. A cikin PARTITION BY ake jera ginshiƙan da ke nuna cewa mutum ɗaya ne, a cikin ORDER BY kuma a bayyana wanda ya cancanci zama na farko, wato a nan rajistar da ta fi sabunta, sannan a riƙe layin da ya samu lamba 1 kawai. MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, bai samu wannan damar ba sai a sigar 8.0 ta shekarar 2018, shi kuwa takwaransa PostgreSQL yana da DISTINCT ON wanda ke taƙaita aikin, da sharaɗin ginshiƙan da aka ambata su zo a farkon ORDER BY.

Rubuta umarnin bai ci mini rabin sa'a ba, amma zaɓen ginshiƙan ya ci kwana uku. Suna kaɗai ba ya isa, tun da mutum guda yana iya zama Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan. Lambar waya ma sai da na daidaita ta ta hanyar ɗaukar lambobi 10 na ƙarshe, domin wasu an rubuta su da sifiri a gaba, wasu da +234. Bayan haka na ga gidajen da uba da 'ya'yansa ke amfani da waya guda alhali kowa da gonarsa, waɗanda da na dogara da lamba kaɗai da na share su ban sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda ba su da waya sam. PARTITION BY yana ɗaukar duk gurbin da ke NULL, wato wanda ba a cike ba, a matsayin abu ɗaya, saboda haka da an dogara da lambar waya kaɗai da zai tara su rukuni guda, ya bar mutum ɗaya ya zubar da sauran, kuma galibinsu dattawa ne da mata, waɗanda buhun takin nan ya fi yi wa amfani. Na ware su gefe tun kafin a fara ƙirga.

A ƙarshe na haɗa suna da ƙauye da lambar waya, na kwafe teburin, na duba sakamakon SELECT da idona kafin na kai ga DELETE, umarnin share layuka. Sunayen da suka rage da shakka na buga su a takarda, sakataren ƙungiyar ya kai wa shugabannin rassa waɗanda suka san kowa da gonarsa, kuma sai da amsarsu ta dawo sannan na ba kowane mamba lambar rajista mai sharaɗin UNIQUE, wanda ke hana lamba ɗaya ta maimaitu.