Wata 4 da riƙe Paul a Tekken 8: ranar da na fara nuna wasannin da aka ci ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau wata 4 cif da na zaɓi ɗan wasa Paul na ce shi zan riƙe a Tekken 8, wasan faɗa na bidiyo, kuma kamar kullum ga inda na kwana. Rubutun zai ɗan yi tsawo a wannan karon, domin cikin makonni 5 da suka wuce ne na koyi abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko, wato yadda ake neman gyara a wurin waɗanda suka riga mu.

Watanni 3 na farko kusan a ɗakin atisaye na cinye su. Kombo, wato jerin duka mai haɗe da juna, nake ta haddacewa, in ɗaga ɗan tsana sama in kai shi bango, in sake, in sake, har yatsuna suka saba ba sai na duba ba. Amma da na shiga wasan matsayi sai na maƙale a matsayin Vanquisher, in hau yau in gangaro gobe. Akwai wani yayanmu a gidan gem ɗin unguwarmu da ya daɗe yana buga ɗan wasa Bryan tun zamanin Tekken 6. Sau 2 ina tare shi da tambaya: "Yaya, me zan yi in ƙware?" Duka biyun amsa ɗaya ya ba ni: "Ka yi ta bugawa." Raina bai so ba, na ɗauka rowar ilimi yake yi. Yanzu na gane tambayar tawa ce ba ta da mariƙi. Bai taɓa zama ya kalli wasana ba, to daga ina zai kama?

Wata Asabar bayan la'asar na roƙe shi mu yi doguwar karawa, wanda ya fara cin wasa 10. Na jingina wayata a kan benci tana ɗaukar allon. Ya ci ni 10 da 1. Da muka gama bai ce komai a kan kombona ba, sai ya tambaye ni: "Ƙanina, sau nawa Snake Edge ta kwashe ka?" Snake Edge ita ce sharar ƙafa ta Bryan. Na ce kamar sau 3 ko 4. Ya ce kunna bidiyon mu ƙirga. Sau 14 ne. Na yi shiru ina kallon kaina a allo, shara iri ɗaya tana ɗauke min ƙafa, ni kuma ina tsaye ƙiƙam kowane lokaci.

A nan ne ya yi min bayanin da zan so duk sabon shiga ya ji da wuri. Wasan yana tafiya ne a kan firem 60, wato hoto 60, cikin kowace daƙiƙa. Ƙaramin naushi, wanda ya fi sauri a wurin yawancin 'yan wasa, firem 10 yake ɗauka kafin ya sauka, ido ba ya iya ganinsa ya tare. Snake Edge kuwa tana cin kusan rabin daƙiƙa, Bryan yana duƙawa ya juya jiki kafin ƙafar ta iso, don haka ana ganinta tana tafe. Duka ne na ƙasa, tsayuwa ba ta tare shi, sai an durƙusa. In kuwa ka tare ta, Bryan yana daɗewa bai dawo daidai ba, har Paul ya samu damar tasowa daga durƙuso da maɓallin 2, wato naushin dama, ya ɗaga shi sama. Sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Kombon nan da ka yi wata 3 kana koyo, ga ƙofarsa nan na buɗe maka sau 14, ba ka shiga ba." Ya ce kada in taɓa komai a makon nan sai wannan.

Haka na yi. A ɗakin atisaye ana iya naɗar motsi fiye da ɗaya a bar kwamfuta ta riƙa jefo su ba tsari. Na naɗi Snake Edge a gurbi ɗaya, na naɗi wani dukan tsakiya a ɗaya gurbin, domin dukan tsakiya shi ke hukunta mai durƙuso, kuma ba na so in koyi durƙusawa da ka. Minti 15 kowane dare bayan isha'i, in akwai wuta. Kwana 2 na farko kullum a makare nake. A kwana na 4 hannuna ya fara sauka da kansa da zarar kafaɗar Bryan ta yi ƙasa. Asabar ta zagayo muka sake karawa, ya ci ni 10 da 3, amma sau 2 kacal sharar ta same ni, kuma tun a wasa na 4 ya daina jefo ta. Wannan dainawar ta fi min wasa 3 ɗin da na ci daɗi.

Shi ya nuna min sashen maimaita wasa da ke cikin Tekken 8, wanda na daɗe ina tsallakewa. Wasannin da ka buga ta intanet suna ajiye a can. Yayin da kake kallo, wasan da kansa zai tsaya ya nuna maka inda ka tare duka ba ka rama ba, da naushin sama da ya kamata ka kauce masa ta durƙusawa, da kamun da ya kamata ka ɓalle. Abin da ya fi burge ni shi ne za ka iya karɓe ɗan wasanka a daidai wurin na daƙiƙa 10, ka gwada wata amsar, ka maimaita yadda kake so. Ta nan na haddace ramuwata: 1,2, wato naushin hagu sai na dama, ga dukan da in na tare ya bar giɓin firem 10, baya da 1,2 ga na firem 12, ƙasa-gaba da 2 ga na firem 15.

Sai dai na'ura tana da iyakarta. Tana gaya maka maɓallin da ya dace, ba ta san halinka ba. Mutum ne ya lura cewa duk lokacin da na faɗi ƙasa da shuri nake tashi, kowane lokaci, har abokin karawa ya riƙa ja da baya kaɗan yana jirana. Mutum ne ya ga cewa da jinina ya yi ƙasa ya koma ja sai in saki Rage Art, babban dukan da ake samu in jini ya yi ƙasa, cikin firgici, ita kuwa in an tare ta ɗaga ka sama za a yi, turmin ya ƙare. Shi ne kuma ya ce min ina ƙarar da Heat, ƙarin ƙarfin nan na ɗan lokaci, tun a farkon turmi ba tare da dalili ba, alhali sau ɗaya ake samunta a kowane turmi. Waɗannan duk suna cikin bidiyon da na kalla ni kaɗai fiye da sau 5 ban gan su ba, domin idona yana kan abin da ake yi min, bai taɓa komawa kan abin da nake maimaitawa ba.

Da na ga amfanin abin sai na shiga tambayar kowa, nan kuma wata matsalar ta taso. Wani ya ce in bar Paul in koma Jin. Wani ya ce muddin da hannun gem nake bugawa ba zan je ko'ina ba, sai na sayi sandar akwati irin ta gidajen wasan Japan. Wani ya ce in ajiye komai in koyi ja da baya irin na 'yan Koriya. Mako guda na yi ina tsalle daga wannan zuwa wancan, wasana ya rikice, na faɗo matsayi. Abin da ya fitar da ni shi ne wani ɗan ma'auni da na ɗora wa kaina: duk shawarar da mai ita zai iya nuna min daƙiƙar da ta shafa a bidiyona, ita nake fara ɗauka. Wadda ba ta da wurin nunawa sai in rubuta ta a bayan littafi. Maganar ja da bayan 'yan Koriya gaskiya ce, duk manyan 'yan wasa suna yinta, kuma zan zo kanta. Amma a matsayin da nake, abin da ke kashe ni shara ce da kamu da rashin ramawa, ba rashin nisa ba. Maganar sanda kuwa ban yarda da ita ba sam, akwai masu cin manyan gasa da hannun gem na yau da kullum.

Na kuma gwada tura bidiyo ga wasu masu buga Paul a ƙasashen waje. Sun taimaka, amma na yi kuskure ɗaya: ban gaya musu cewa da intanet ɗin waya na buga wasan ba, yana ɗan sarƙewa. Sai rabin gyaran ya tafi a kan kombon da ya zube, wanda na san a gaban allo ɗaya ba ya zube min. Yanzu ina faɗi tun farko. Ina kuma kiyaye kada in mayar da netwok mafaka, domin ɗaya daga cikinsu ya ce ko kamu ɗaya ban ɓalle ba a wasan, na koma bidiyon gidan gem inda babu wani netwok, na tarar can ma haka ne.

Ga yadda nake neman gyara yanzu, ko wani zai amfana. Ina tura wasan da aka ci ni, musamman wanda ya yi kankankan, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da can wasan da na yi bajinta nake nunawa, a ce min madalla, in tashi hannu rabbana. Ina faɗin matsayina da tsawon lokacin da na yi ina wasa. Ina nuna minti da daƙiƙa, in faɗi abin da ke raina a lokacin: "A nan na zaci zai kama ni shi ya sa na durƙusa, daidai ne ko akwai abin da ya fi?" Faɗin tunanin yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa hannun bai yi laifi ba, lissafin ne ya karkace. In an ba ni amsa ba na musu a wurin, ko da ina ganin ba haka ba ne, sai na je na gwada. Bayan mako guda kuma ina komawa wurin mutumin in ce ga abin da ka ce, ga yadda ta kaya. Na lura wannan komawar ce ke sa babba ya ci gaba da kula ka. Yayan nan namu da ya sallame ni da "ka yi ta bugawa", yanzu shi ke kirana in ya iso. Ni ma ina biyan kuɗin zaman in sayo mana ruwan sanyi, domin awa guda da ya yi yana dukan wanda bai kai shi ba sadaukarwa ce.

Ba kowane gyara ke zuwa da laushi ba. Akwai wani mai buga Hwoarang da in ya ci ka sai duk gidan ya ji, ran nan ya ce min a gaban mutane: "Kai fa tsayuwa kawai ka iya, kamar an dasa ka." Abin ya sosa min rai, na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba. Da na huce na duba, akwai gaskiya a ciki: yawancin shurin da yake danne ni da su na sama ne, ana durƙusa musu, wasu kuma ana kauce musu ta gefe, ni kuwa ban taɓa taka gefe ko sau ɗaya ba. Na ɗauki gyaran, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Amma ina roƙon waɗanda suka iya a cikinmu su sassauta harshe ga sababbi. Na san yara 2 da suka daina zuwa saboda irin wannan, suka koma ƙwallo.

Wani abu da ke ƙarfafa min gwiwa a kan zama kusa da mutane shi ne labarin 'yan Pakistan. A 2019 Arslan Ash, ɗan Lahore, ya ci gasar wasannin faɗa ta EVO a Japan, sannan ya ci babbar ta Las Vegas a Amurka, inda ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe. Kafin nan duniyar Tekken ba ta san da su ba. A ƙananan gidajen wasa suka gina kansu, kafaɗa da kafaɗa, suna doguwar karawa suna gyara wa juna. Kafin shekarar ta ƙare Knee da kansa, duk da tarin kofunansa, ya hau jirgi zuwa Pakistan don ya zauna ya kara da su. In na tuna wannan sai in ga bencinmu da janaretonmu ba abin rainawa ba ne.

Inda nake yau: na haura matsayin Destroyer, ina Eliminator, saura taki ɗaya in shiga Garyu. Tashi da shuri ya ragu sosai, Rage Art ta firgici har yanzu tana kufce min jefi-jefi. Aikin wannan makon ɓalle kamu ne. Kamun yau da kullum ana ɓalle shi da 1 ko 2, amma na musamman sai an kalli hannu: in hagu ne a gaba 1, in dama ne 2, in biyun suka taho tare 1+2. A ɗakin atisaye ina samun kusan rabi, a wasan gaske kuwa ko kusa. King ne ya fi wahalar da ni, domin kamunsa na Giant Swing da 1 ake ɓalle shi amma a ido kamar hannu biyu yake zuwa. Duk mai buga King a cikinku da zai iya ba ni awa guda ranar Asabar bayan la'asar, don Allah ya zo, zan taho da waya da caja mu ɗauki wasan daga farko har ƙarshe.