Mota ta samu, saura lafiyar Dage

Alhamdulillah, mun sayi motar gida, Toyota Sienna ta hannu. Sai da makanikina ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba inji da giya, muka gwada lambar shasi da ta jikin takardun kwastam, sannan na biya. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne kayan gyaranta ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Tafiyarta ta farko, asibitin dabbobi muka kai Dage, karen da ke mana gadi. Ya yi ƙiba har ba a jin haƙarƙarinsa in an shafa, ɗan gudu kaɗan sai haki. Wallahi tausayinsa nake ji, dabbar da ke kwana a farke saboda mu. Likita ya ce ƙiba tana lalata wa kare gaɓoɓi, tana wahalar da zuciya. Ya hana ragowar tuwo da kitse, ya ce a auna masa abinci sau biyu a rana.

Yanzu bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ni da Yaya muke zagayawa da shi. Ya fara sakin jiki, har tsalle yake yi.