Zagayen Tafkin Bosomtwe da ƙafa: inda muka kai da abin da ya rage

'Yan uwa masu koyon tattaki, matakin da muke ciki yanzu shi ne hanyoyin ƙafa na gefen Tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi a ƙasar Ghana. Yawon safe na cikin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ya gama aikinsa, ya saba wa ƙafa da tafiyar awa biyu ba tsayawa. Amma bai koya wa kowa hawa da gangara ba, kuma su ne dukan lissafin tafkin nan.

Dalilin yana cikin asalin wurin. Wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan ɗaya da ɗoriya da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwan sama ya taru a ciki har ya zama tafki mai faɗin kusan kilomita 8. Ƙasar tana nan kamar ƙwarya: ruwa a gindi, ƙauyuka a bakin ruwa, tudu ya kewaye su da tsayin da ya haura mita 200. Daga tashar Asafo a Kumasi ake shiga tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Kuntanase, daga nan a ɗauki tasi ya gangara da mutum Abono, ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka. Wanda ya sauka da mota ba ya jin tsayin a jikinsa, shi ya sa yake raina shi. Kewaye tafkin gaba ɗaya ya kai kilomita 30 ko fiye, don haka muka raba shi gunduwa-gunduwa, ƙauye zuwa ƙauye, a je a dawo. Mai koyo kada ya sa wa ransa gama shi a yini guda.

A nan kilomita ba ta faɗin gaskiya, awa ake ƙirgawa. Ayarin mutum shida zuwa takwas a cikin zafi da gumin yankin Asante ba ya wuce kilomita 3 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. A kan kowace mita 300 ta hawa a ƙara rabin awa, sannan a ware minti goma na hutu a kowace awa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma a ƙarƙashin itatuwan koko duhu yana riga magariba sauka. Saboda haka kafin a ɗaga ƙafa ake yanke lokacin juyowa. In an tashi daga Abono ƙarfe bakwai, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi a juya, ko an isa ƙauyen da aka nufa ko ba a isa ba. Dawowa kullum ta fi tafiya cin lokaci, ga gajiya, ga tsayawa sallar azahar, ga rana a tsaka. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce a karkace zuwa arewa, wajen digiri 65 a kamfas ɗin waya.

Ruwan sha rabin lita ne a kowace awa. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, ke nan tafiyar awa shida leda shida, nauyin kilo uku a baya. A juye su cikin gora, domin leda tana fashewa a jaka ta jiƙa littafi da waya. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai da ɗaurewar jijiyar sha-raɓa da ke kama mutane a hawan dawowa kan iya zuwa daga gumin da ya tafi da ruwa da gishirin jiki. Ruwan tafki ba na sha ba ne. Abinci kuma mara nauyi: koko da ƙosai kafin a tashi, dabino da gyaɗa da ayaba a hanya. Waken da aka cika ciki da shi da safe yakan tambayi mai shi a kan tudu.

Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, mai gindin roba mai zane. Sabon takalmi yana fid da bororo tun kafin awa biyu, silifa kuma ba ta riƙe jar ƙasa in ta jiƙe. Da an ji wuri ya fara zafi a diddige a tsaya a manna filasta, kada a bari sai ya tara ruwa. A gangara ake faɗuwa, ba a hawa ba: a gajarce taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a riƙe sanda mai tsayin ƙugu zuwa ƙirji.

Abin da ya fi ɓatar da masu koyo shi ne mararraba a cikin gonakin koko. Hanyar gona da hanyar ƙauye suna farawa da kama ɗaya, amma ta gona tana sirancewa a hankali, busassun ganyen koko su rufe ta, ta ƙare a gindin wata bukka ko tarin ɓawon koko. Ta ƙauye tana da sawun babur, da sawun ƙananan takalman 'yan makaranta, ƙasarta a daddaɓe. In an yi minti goma ba a ga ko ɗaya daga cikin alamun nan ba, a koma mararrabar ƙarshe. Kada a yanke ta cikin gona da sunan gajarta hanya, manoma suna ɗana tarkon waya na gyazbi a gefen gonaki, kuma ganyen da ya taru a ƙasa maɓoyar maciji ne. Wanda tsautsayi ya faɗa masa kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti, lambar gaggawa 112 ce. Layin kwarkwasa kuma in ya ratsa hanya, tsallake shi ake yi da sauri, ba a tsayawa kallo kusa da shi.

Hanyar bakin ruwa ita ma ba ta da tabbas. Tafkin ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, sai abin da rana ta ɗauka, don haka yana hawa yana sauka gwargwadon damina. Kututturan itatuwa da ake gani tsaye cikin ruwa shaida ce cewa can da tudu ne. Taswirar waya za ta iya nuna hanya a inda yau ruwa ne ko taɓo, musamman bayan babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli da ƙaramar ta Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe, tafiya ta fi sauƙi, sai dai hazon hunturu yakan ɓoye ɗaya gaɓar tafkin. A sauke taswira tun daga gida, a kunna mai rikodin sawu, a sa waya a yanayin jirgin sama don batir ya kai yamma. Duk da haka littafin aljihu ya fi: a kowace mararraba a rubuta lokaci, da hannun da aka bi, da alama mai ɗorewa kamar rimi ko famfon burtsatse. Tarin itace ba alama ba ne, gobe an kwashe shi.

Shiga ƙauye yana da ƙa'ida, kuma mu 'yan zango mun san ta, sakaci ne kawai ke sa a tsallake. Ayari ba ya ratsa gari shiru. A ce "agoo" a bakin gida, a jira "amee". In an tarar da dattawa zaune, musabaha daga dama ake farawa a bi zuwa hagu. Mai son ganin wani wurin tarihi ya nemi odikro, wato mai garin, ta bakin okyeame ɗinsa, mai magana da yawunsa, za a tambayi abin da ke tafe da ku, mutum ɗaya mai jin Twi, harshen Asantawa, sosai ya amsa a madadin kowa. A shirya kuɗin gaisuwa tun daga gida, a kuma sallami yaron da aka haɗa ku da shi ya nuna hanya.

Asantawa suna ɗaukar tafkin wuri mai tsarki, a al'adarsu rayukan mamata nan suke zuwa yin bankwana. Labarinsu na baka ya ce wani maharbi ne ya biyo gadar da ya harba har ta shige ruwan, daga nan sunan ya samo asali, domin Bosomtwe a Twi na nufin gunkin gada. Dutsen Abrodwum shi ne cibiyar tsafin tafkin. Ba addininmu ba ne, amma ba a zama a kansa, ba a ɗaukar hotonsa sai da izini. Al'adar nan ce ta hana masunta kamun kifi da kwalekwale, sai padua, wani falankin katako mara nauyi. Ku tsaya da sassafe ku duba: mutum yana zaune a kai, ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da tafin hannu ko sakaina, ragarsa a gabansa, falankin ko tangaɗi ba ya yi. Hukumar UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren halittu da take karewa a 2016, don haka duk ledar da ta shigo da ku ta fita da ku.

A lokacin girbin koko za ku ga tudun ganyen ayaba a gona yana fid da tsami. Ƙwayar koko ce aka rufe ta yi kwana shida tana tsima kafin a shanya a kan tabarma. Buɗe shi yana fitar da zafin da aikin ke buƙata, ya rage wa manomi daraja a wurin awo.

Gunduwoyin kusa da Abono mun gama su, sun shiga littafi. Abin da ya rage shi ne gaɓar da ke can ƙetare, inda mota ba ta yawaita, kuma sai an shirya wurin kwana da gidan sauro kafin a taɓa ta. Wanda gwiwarsa ba ta gama sabawa da gangara ba ya fara zuwa dajin Bobiri kusa da Kubease a kan hanyar Accra, hanyoyinsa a shimfiɗe suke kuma akwai ɗan jagora. A hanyar dawowa a tsaya Besease kusa da Ejisu a ga tsohon ginin gargajiya na Asante, ɗaya daga cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980.