Hoton ƙwaƙwalwa da fil ɗin mayafi

Ni dai sana'ata hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ɗan ƙaramin wuri gare mu a Kano, inji ɗaya mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5, ni da yarana uku sai likitan da ke karanta mana hoto. Mutane gani suke maɓalli kawai muke dannawa mu karɓi kuɗi, wallahi da haka ne da tuni na yi ƙiba.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne DWI, hoton da ke bin yadda ruwa ke yawo a ƙwaƙwalwa. In jini ya daina kai wa wani sashe, ruwan wurin sai ya takura, wurin ya fito fari fat, shi ya sa likitoci ke nemansa a guje in an kawo mai shanyewar ɓarin jiki. To amma da sauri ake ɗaukarsa, kuma duk inda iska ke maƙwabtaka da nama, kamar kogon hanci da wajen kunne, sai hoton ya lanƙwashe ko ya yi wani hasken ƙarya da zai ruɗi wanda idonsa bai saba ba.

Likita ya bugo ya ce Alhaji a ƙara mana kaifin hoton mana. Ana iya ƙarawa, akwai dabarar ɗaukarsa kashi-kashi a harhaɗa, kamfanin Siemens mai ƙera irin injinan nan na kiran tasu RESOLVE, lanƙwasar tana raguwa sosai, sai dai lokaci ya ƙaru, kuma dattijon da bai san inda kansa yake ba ga ƙarar inji kamar ana sara ƙarfe, ta yaya zai kwanta shiru? Ya ɗan motsa kai, aikin ya lalace, a sake daga farko, janareta na ta shan dizal, ga na'urar sanyaya inji da ba ta san an ɗauke wuta ba.

Shi ya sa rabin gyaran tun a ƙofa muke yinsa, tunda ƙarfe ma na ɓata hoton. A goge kwalli, a cire ɗan kunne da ribom mai ƙarfe, mu tambayi haƙorin Makka don ba kowanne ne zinari zalla ba, sannan mu tokare kai da soso.

Kwanaki wata Hajiya ta rantse ta cire komai, hoto ya fito da baƙin rami a ƙeya, yarona har ya fara zargin inji. Ashe fil ɗin mayafi ne ƙwaya ɗaya ya maƙale cikin kitso. Ta ce "Au, ɗan nan, ashe wannan ma ƙarfe ne?"