Kunamar ruwa da jan biri

Kawuna masunci ne a Jimeta. A idon sawunsa na hagu akwai wani tsohon tabo da ya ce kunamar ruwa ce ta yi masa tun yana saurayi, ranar da ya taka ta a cikin yashin kogin Binuwai. Ni ban taɓa ganin ta da rai ba. Jan biri kuwa, duk damina sai mun kore shi daga gonar gyaɗa.

Sunanta kawai ne kunama, amma kifi ce. Jikinta a baje yake kamar faifai, ga doguwar wutsiya siririya mai ɗauke da ƙaya mai dafi. Ba ta da ƙashi, guringuntsi ne duk jikinta, don haka masana suka sa ta a dangi ɗaya da kifin shak. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta zubar da ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa, haihuwa take yi. A 1962 aka raɗa mata sunan kimiyya garouaensis, daga sunan garin Garwa na Kamaru, sannan a 2016 aka mayar da ita rukunin Fontitrygon.

Shi jan biri, Erythrocebus patas, dabba ce mai shayarwa. A duk birai babu mai gudunsa, yakan kai kilomita 55 a awa.

Ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa jan biri a matakin "dab da shiga barazana" a 2020, saboda sare daji, faɗaɗa gonaki da farauta. Wannan ma ya dame ni. Amma kunamar ruwa tana matakin matsanancin haɗari, wanda daga shi sai ɓacewa. Koguna ƙalilan ne gidanta, irin su Neja da Binuwai. Tana kwanciya a ƙasan ruwa, inda taru ke kwashe ta, kuma ba ta haihuwa da yawa balle ta mayar da abin da aka kama. Biri kowa na ganinsa, ko da fushi ne. Ita ko ta ƙare, wa zai lura in ban da masunta?

Da na je gaishe da Kawu a ƙaramar sallah, na ce, "Kawu, yaushe rabonka da ita?" Ya daɗe yana shafa tabon nan kafin ya ce tun ba a aurar da 'yarsa ta fari ba. Yau 'yar tasa tana da jikoki biyu.