Catherine Howard da saƙon da na gani a wayar ɗiyata

Jiya da daddare ɗiyar yayata ta bar wayarta tana caji a ɗakina, saura sati uku ɗaurin aurenta da wani Alhaji, sai ga saƙon tsohon saurayinta ya faɗo, wallahi ban buɗe ba a fuskar wayar ya fito. Da na tambayeta sai tace "Anti gaisawa fa kawai muke." Ni ma abin da nace kenan shekara ashirin da suka wuce.

Bacci ya gagareni, Catherine Howard kawai ke faɗo min a rai. Ita ce ta biyar a matan sarkin Ingila Henry na takwas, ya aureta a watan Yulin 1540 yana da shekara 49 ita ko ashirin bata kai ba. A hannun matar kakanta ta tashi, gida cike da 'yan mata babu mai sa ido, malaminta na kiɗa Henry Mannox ya fara taɓata tun tana ƙarama, daga baya Francis Dereham ya shigo har suna kiran juna miji da mata, kuma babu wanda ya faɗa wa sarki. Tana zama sarauniya waɗanda suka san sirrin suka fara zuwa neman aiki, a 1541 ta ɗauki Dereham ɗin cikin ma'aikatanta, ga Thomas Culpeper bafaden sarki da take ganawa da shi cikin dare Lady Rochford mai yi mata hidima na gadin ƙofa, har wasiƙa ta rubuta masa da hannunta, tana nan a ajiye har yau.

Nima wasiƙa ce. Ina da 19 aka kaini gidan mutumin da a shekaru ya haife ni, ban ce bana so ba don babu wanda ya tambayeni. Wata uku da tarewa na rubuta wa wanda nake so takarda, ƙawata ta kai masa, ko ince tace ta kai. Ban taɓa keɓewa da shi ba Allah shaida ne, kewa ce kawai ta yarinyar da aka rufe a gida da uwargidan da ko gaisuwa bata amsawa, to wa zan faɗa wa? Amma dai ni na rubuta, babu wanda ya kama min hannu. Ƙawar nan na jawota jiki kullum tana gidana, yau atamfa gobe kuɗin mota, na ɗauka zumunci ne ashe kuɗin toshiyar baki nake biya. Ranar da nace bani da shi, sati bai zagayo ba takardar ta isa hannun uwargida. Da goyon wata takwas na koma gidanmu, Babanmu shekara guda bai kalli inda nake ba.

Ita ma Catherine wadda suka kwana ɗaki ɗaya ce ta tona, Mary Lascelles ta faɗa wa ɗan'uwanta, shi ya kai wa babban limamin coci Cranmer, a Nuwamba 1541 Cranmer ɗin ya rubuta wa sarki a takarda. Disamba aka kashe Dereham da Culpeper, 13 ga Fabrairu 1542 aka sare mata kai a Hasumiyar Landan inda aka sare 'yar uwarta Anne Boleyn, matar sarkin ta biyu, a 1536. Yarinya ce fa, manyan da suka barta a hannun Mannox kuma babu wanda aka sare.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, yanzu na rasa sauran. Kar ki rubuta. Ku da komai sai kun tura sai kun yi hoto, ana magana kuna latsa waya kuna cewa zamani ya canja, me ya canja, tawa ɗaya ce ta takarda, taku kuwa minti ɗaya ta zaga dangi. Wadda ta san bayanki kar ki kawota gidan aurenki ko ƙawar goye ce. Ki faɗa wa mijin komai kafin a shafa fatiha. A'a, abin da Allah ya rufa kar ki tona, ba kowane namiji ke iya ɗauka ba, ni kaina da na faɗa ban san me zai faru ba.

In kuma yaron kike so ki buɗe baki yanzu, a maida lefe a sha surutun wata ɗaya. Na faɗa mata haka da safe tace zata goge lambar, na ce ta goge a gabana, tace sai ta yi wanka.