Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Abin da ban faɗa wa Malam ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda sojojin Aljeriya suka juye mu cikin hamada da dare, muka taka kilomita 15 a ƙasa har Asamaka, garin bakin iyakar Nijar. Toh yau ga ni na dawo Damagaram.

Na sauka tasha da leda ɗaya a hannu, silifas ɗina ƙafar hagu da waya na ɗaure shi. Inna ta dama min fura, ko dala ba ta tambaye ni ba. Kwana uku da zuwa na tafi Birni wajen malaminmu, na ce Allah gafarta Malam, kuɗin leburancin da na riƙa aikowa daga Tamanrasat ta Aljeriya ba ni da takarda, halal ne? Ya ce gumin ka halal ne ɗana, amma ka shiga gidan mutane ba sallama.

Na yarda da shi, amma wallahi ba duka ba, don wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta faɗi ba ya da kuɗin fasfo balle biza, kuma dokar Nijar ta 2015 da ta hana jigilar 'yan ci-rani ba ta tsayar da tafiyar ba, direbobi ne kawai suka koma bin hanyoyin da babu rijiya kuɗin mota ya hau, har aka zo aka soke ta a Nuwamban 2023.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Lokacin tafiya Aljeriya, a motarmu tun daga Arlit akwai wata mata 'yar wajen Kance da yara uku, ƙaramar ba tata ba ce, uwarta ce ta ba da ita a je bara a raba abin da aka samu. Shekararta ba ta fi biyar ba, ta yi barci a cinyata tana riƙe da murfin jarkar ruwana. Da jandarma ya haska tocila ya ce wannan fa, bakina ne ya ce 'yata ce. Kuma na san labarin 2013, gawa 92 da aka tsinta a wannan hanyar, yawanci mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Na sani sarai na faɗa.

Malam ya ce akwai saura? Na ce babu, na ɗauki takalmina. A Tamanrasat sau ɗaya na ƙara ganin yarinyar, bakin wani masallaci da ɗan kwano, ba ta gane ni ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.